Garejin rage shan mai a Birnin Kebbi: bita daga mai kwana a cikin bas

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, kusan kowane gareji a Birnin Kebbi ya samu sabon abin tallatawa, wato rage wa mota shan mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta wuce naira 1,000, saboda haka duk wanda ya ce yana da maganin wannan ciwo ba ya rasa masu zuwa wurinsa. Sai dai yawancin abin da ake kira rage shan mai bai wuce a canza fulogi, a wanke nozul, a karɓi kuɗi, a ce da mai mota ya je ya gwada ba. Garejin da zan yi bayani a kansa yana cikin jerin waɗanda ke gefen hanyar fita gari zuwa Kalgo da Jega, kuma ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai abin yabo a aikinsu, akwai kuma abin da zan kushe, su kuwa mutane ne masu neman abincinsu.

Sana'ata ita ce sayar da kayan gyaran injin ban ruwa da kuma gyara injinan a bakin gona. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi na Anchor Borrowers a wannan jiha a watan Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamun Argungu da Augie da Bunza da Suru har zuwa Bagudo da Yauri, kuma manomin da injinsa ya tsaya shinkafa tana tsakiyar ɗaukar ciki ba zai jira a kawo masa kaya daga birni ba. Don haka daga shigowar sanyi har faɗuwar ruwan farko, a cikin mota nake kwana, a cikinta nake dafa abinci, ita ce kuma shagona. Toyota Hiace ce, irin wadda aka fara ƙerawa a 2004, mai injin fetur na lita 2.7 da tanki mai cin lita 70, an cire kujerun baya an shimfiɗa katako, katifa a gefe guda, akwatunan ƙarfe a ɗaya gefen. Mai irin wannan zama yana ƙona mai ta hanya biyu, yana ƙonawa a kan hanya kamar kowane direba, yana kuma ƙonawa a tsaye, lokacin da motar ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Abin da ya ɗaga darajar wannan gareji a idona shi ne, su kaɗai ne cikin waɗanda na taɓa zuwa suka yi tambaya a kan hanya ta biyu.

Babban bakaniken dattijo ne marar yawan magana, yaransa suna ce masa Maigida. Ranar farko bai ko ɗaga kujerar gaba ya leƙa injin da ke ƙarƙashinta ba. Tambayar da ya yi ita ce lita nawa motar take sha a tafiyar kilomita 100, da na fara ba shi amsa da naira sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kuɗi ba awo ba ne, jiya daban yau daban. Lita nika tambaya." Ya bayyana mini yadda yake son a auna: a cika tanki har bakin famfo ya katse da kansa, a rubuta lambar mitar tafiya, a yi zagayen da aka saba yi, a dawo gidan man nan da famfon nan a sake cikawa, sannan a raba litocin da suka shiga da kilomitocin da aka ci. Ya dage a kan famfo ɗaya ne saboda kowa ya san ba duk mitar gidan mai ce take faɗin gaskiya ba, kuma idan aka auna da famfo biyu ba a san ko motar ake aunawa ko gidan man ba. Ya ƙara da cewa in rubuta duk lokacin da na bar injin yana silo a tsaye, da dalilin barinsa. Wannan ya jinkirta aikin da tsawon zagaye guda, kuma na ga masu motocin haya da suka ji wannan sharaɗi suka juya suka tafi wani wuri. A ganina kuwa shi ne mafi amfanin abin da aka yi mini, domin in babu wannan awo na farko, duk abin da bakanike ya faɗa daga baya sai dai a yarda da shi a kan amana kawai.

Da na dawo da takardar, sai suka sa motar a kwamfuta. Na'urar ƙarama ce da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, amma yaron da ke riƙe da ita ya san abin da yake karantawa, ba irin masu goge lambobin matsala su ce an gyara ba ne. Nan take aka gano cewa fitilar gargaɗin inji da ke fuskar direba ba ta kamawa ko da an murɗa makulli, ashe tun kafin motar ta zo hannuna wani ya cire ƙwan don kada mai saye ya gani. A bayan wannan duhu kuwa akwai matsala biyu da suka daɗe suna cin mai.

Ta farko ita ce tamostat, wato ƙaramin murfin da ke tsare ruwan inji har sai ya yi zafin da ya kamata kafin ya sake shi zuwa lagireto. Babu shi sam a motar, an cire. Wannan al'ada ce da ta yi wa kanikancinmu katutu: mota ta yi zafi sau ɗaya, sai a ce ai wannan abu na ƙasar sanyi ne, ba na Najeriya ba, a fizge shi a jefar. Alhali injin an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 80 zuwa 90 da 'yan kai, kuma kwamfutar motar tana duba zafin ruwan ne ta yanke yawan man da za ta fesa. Muddin ta ga ruwan da sanyi, tana ɗauka yanzu aka tayar da injin, sai ta riƙa ƙara mai don ya ɗumama, shi kuwa ba zai ɗumama ba tunda ruwan yana ta zagayawa ba mai tare shi. A watannin Disamba da Janairu, da ake fita da asuba cikin sanyin fadama, mota tana iya zuwa Argungu daga Birnin Kebbi ba ta kai zafin aikinta ba. Maigidan bai tsaya ga mayar da tamostat ɗin ba, ya bi dalilin da ya sa aka cire shi tun farko: ya sa aka sauke lagireto aka wanke, aka fitar da laka da farin gishirin da ruwan rijiya ke bari a cikin bututu, aka canza murfin da ya daina riƙe matsi, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan famfo. Na shiga bazara da motar bayan haka, a kwanakin da zafi ke haura digiri 40, kuma allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba ko a hawan duwatsun wajen Zuru.

Ta biyu ita ce sensar da ke jikin salansa, wadda ke shinshina hayaƙi ta faɗa wa kwamfuta ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ta mutu, don haka kwamfutar tana zuba mai da ka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce gyara babbar matsala irin wannan yana iya inganta tafiyar mota a kan lita da kusan kashi 40 cikin 100 a mafi tsananin hali, alhali gyaran yau da kullum na injin da ya ɗan kauce bai cika wuce kashi 4 ba. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna bambancin bakaniken da ke neman ainihin ciwo da wanda ke canza fulogi don ya ga an canza wani abu. Fulogin ma an canza, an kuma canza matatar mai, wadda da aka zazzage ta a kan farar takarda sai ga jan datti kamar garin bulo, ladan man da dole takan sa a saya a galan wurin 'yan bumburutu idan aka yi nisa da gidan mai.

Wani abu da ya ƙara mini yarda da su shi ne maganar matatar iska. Duk wanda ya bi hanyar burji a lokacin hunturu ya san yadda take cika da ƙura, kuma kowane bakanike zai ce maka ita ce ke shanye maka mai. Maigidan ya canza ta, amma ya faɗa mini a fili kada in sa ran ganin bambanci a tanki, domin mota mai injekta tana auna iskar da ta shiga ta rage mai daidai da ita, abin da toshewar matata ke ragewa shi ne ƙarfin ja, ba tsimin mai ba. Wannan ya yi daidai da abin da gwaje-gwajen da aka yi a Amurka suka nuna, cewa tsohuwar mota mai kafireto ce ke ƙara shan mai idan matatar ta toshe. Bakaniken da zai sayar maka da kaya ya kuma faɗa maka iyakar amfaninsa ba a ko'ina ake samunsa ba. Haka kuma da na tambaye shi a kan ƙananan na'urorin da ake talla a Facebook da TikTok, masu maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututun mai da waɗanda ake sokawa a ramin cajin waya, dariya kawai ya yi ya buɗe wani aljihun tebur cike da su, duk waɗanda ya cire daga motocin mutane. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100 ba ta samu wadda ke rage shan mai yadda za a kula ba.

A ƙafafun motar an samu birkin baya na hagu yana ɗan riƙewa, abin da aka gane da taɓa gangar bayan ɗan zagaye, ita kaɗai ta yi zafi. An saki birkin, an daidaita ƙafafun gaba, an duba boris. Maganar iskar taya kuwa ta fi shafar irina fiye da direban kwalta, saboda idan za a shiga rairayin bakin fadama dole a rage iska don kada mota ta kafe, sannan a hau kwalta a yi tafiya mai nisa a haka kafin a ga mai faci, shi ma sau da yawa gejinsa ya lalace, da ƙarfe yake bugun taya ya saurara. Asarar man da ke cikin wannan ba ta da yawa, kimanin kashi 0.2 cikin 100 ne a kan kowane psi ɗaya, wato ma'aunin iskar taya, da tayoyin suka ragu, amma taya marar iska ɗauke da kaya a kan kwaltar Jega zuwa Koko da tsakar ranar Afrilu fashewa take nema. Shawarar da suka ba ni ita ce in sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota da geji nawa na kaina, in riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, in kuma bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Daga nan aikin ya bar injin ya koma kan zaman da nake yi a motar. Maigidan ya sa aka sauke duk abin da ke ciki aka jera a ƙasa, aka ɗauko sikelin rataye irin na masu awon shinkafa, yaro ɗaya yana ɗagawa ɗaya yana rubutawa. Akwai matattun injina biyu da nake ajiye da su don ciro kayan gyara, akwai jarkokin ruwa masu cin lita 25 waɗanda kowace idan ta cika kilo 25 ce, akwai jarkokin fetur na ko-ta-kwana, da safaya biyu, da buhun gawayi, da nadin tiyo da ke ɗaure a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na saman mota, tun bara. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne kowane ƙarin kilo 45 yana rage tafiyar mota a kan lita da kusan kashi 1 cikin 100, ko da yake ya fi tasiri a ƙaramar mota, kuma a hanyar da ke cike da ramuka, inda ake taka birki a sake tashi kowane ɗan lokaci, nauyi ya fi cin mai fiye da a miƙaƙƙiyar kwalta. Shawararsa mai sauƙi ce: a kwance matattun injinan a ɗauki abin da ake bukata a bar gangar jikin a gida, a riƙa ɗibar ruwan kwana ɗaya ko biyu tunda kusan kowane gari da nake sauka akwai burtsatse, a kuma bar wasu kayan a hannun amintattun mutane a Argungu da Bunza maimakon a riƙa yawo da shago gaba ɗaya. Kayan kan kariya ya fi damunsa, domin ba nauyi kaɗai ba ne, iska ce suke tarewa. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, Hiace kuwa dama fuskarta a miƙe take, kuma alƙaluman da ma'aikatar makamashin Amurka ta bayar sun nuna babban kaya a saman mota yana iya cin kashi 6 zuwa 17 cikin 100 a babbar hanya. Aka sauke kariyar gaba ɗaya.

Sai takardar silo. Da aka haɗa abin da na rubuta, ya fito fili cewa awannin da injin ke ruri a tsaye ba kaɗan ba ne: da dare don esi ya kori zafi da sauro kafin barci ya ɗauke ni, da rana don cajin wayoyi, nawa da na manoman da ke miƙo nasu, da magariba kuma don hasken aiki idan gyara ya kai dare. Mota tana shan kimanin lita 1 zuwa 2 a kowace awa tana silo, gwargwadon girman inji da ko esi yana kunne. Wanda ya yi awa huɗu a haka kowane dare ya ƙona lita 4 zuwa 8 bai je ko'ina ba, kamar injin ban ruwan da aka bari yana ruri alhali bakin tiyon ya fita daga ruwa. Ban da kuɗin, akwai haɗarin da ya fi kuɗi: hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, kuma tsohuwar bas mai ɓulallen salansa da tsatsa a ƙasa tana iya shigar da ita ɗakin mai barci. Maigidan ya faɗi wannan da kakkausar murya, ya ce ko ba don mai ba, bai yarda mutum ya kwanta inji yana aiki ba.

Maganin da suka kawo shi ne sola. Sun haɗa kai da wani mai aikin lantarki da ke da rumfa a cikin harabar garejin, aka ɗora faranti mai ƙarfin wat 200 a saman motar, aka sa batirin litiyom mai amfiya 100, da na'urar daidaita caji, da fanka biyu masu aiki da wutar batir kai tsaye, da ƙwayayen fitila marasa cin wuta, da wurin cajin waya, aka kuma ɗinka ragar sauro a tagogi biyu don a kwana da su a buɗe. Lissafin yana da sauƙin bi. Batirin yana ɗaukar kimanin wat-awa 1,280, fankar da ke cin wat 20 kuwa idan ta kwana tana juyawa awa 8 ta ci 160 ne kawai, saboda haka fanka biyu da fitilu da wayoyi ba sa cinye rabinsa, rana irin ta Kebbi kuma tana mayar da abin da aka ci kafin la'asar, muddin ana goge ƙurar farantin. Sun raba wannan batir da na tayar da mota, yadda ko an shanye shi tas motar za ta tashi da safe. Na so in sayi babban batirin ruwa mai amfiya 200 saboda ya fi araha, sai mai lantarkin ya nuna mini cewa nauyinsa ya haura kilo 50, na litiyom kuwa bai kai 15 ba, ga shi na ruwan rabinsa kaɗai ake iya sha ba tare da an kashe shi da wuri ba. Ba ma'ana a sauke ƙarfe ta ƙofar baya a sake shigo da shi ta ƙofar gefe. Dole in faɗi gaskiya cewa fanka ba esi ba ce, kuma a daren Afrilu a Dakingari iskar da take kaɗawa ma da ɗumi take fitowa. Amma ana barci, musamman idan an ajiye motar a inuwa tun la'asar ƙarfen bai sha rana ba, wanda kuma ya saɓa wa bukatar farantin, sai dai mutum ya raba yinin, safiya ga rana, yamma ga inuwa.

A wannan ɓangare na sola ne kuma duk aibin garejin ya taru. Ƙwarewar da ke wurin inji ba ta kai wurin waya ba. An bar wa yara aikin, suka ajiye batirin daidai bayan kujerar gaba, alhali a wannan mota injin yana ƙarƙashin kujerun ne, wurin da ya fi ko'ina zafi, batirin litiyom kuwa zafi ne ke rage masa kwana. Sun ja siririyar waya, suka murɗa mahaɗa da hannu suka naɗe da baƙin salatif, kuma ba su sa fis a kusa da kan batirin ba, wanda a motar da ke ɗauke da fetur da tukunyar gas da mutum mai barci ba ƙaramin ganganci ba ne. Farantin ma sun ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe masu tsayi, gabansa a buɗe, yana fito tun daga kilomita 70 a awa, wato an sauke kariya an mayar da wata, ɗaya daga cikin ramukan da suka huda a rufin kuma ba a toshe shi da kyau ba, ƙura tana zubowa kan katifa. Da na mayar da motar, Maigidan bai yi musu ba, ya tsaya da kansa aka mayar da batirin baya kusa da ƙofa, aka canza waya mai kauri, aka sa fis, aka sauke farantin ya rage tazarar 'yan yatsu tsakaninsa da rufi don iska ta riƙa sanyaya shi, aka sa masa ɗan shamaki a gaba. Bai karɓi kuɗin aiki ba, amma ni na sayi wayar, kuma na rasa ranar kasuwa. Wanda bai san lantarki ba da ya tafi da motar a haka.

Akwai kuma rashin tsari a maganar kuɗi. Ba a rubuta farashi kafin a fara, sai aiki ya yi nisa ake ce maka kaza ya ƙaru, rasit kuwa sai ka nace. Ban ga alamar cuta ba, domin sun dawo mini da duk tsofaffin kayan da aka cire a cikin leda, sensar da suka sa kuma ta zo a kwalinta, amma mai ƙaramin jari yana bukatar ya san iyakar abin da zai kashe tun kafin a kwance masa mota. Ba su da wurin zama in ban da benci a gindin dogon yaro, kuma ba sa barin mutum ya kwana a motarsa a cikin harabar, abin da ya kamata mai zama a mota ya sani tun da wuri ya nemi masauki.

Na tambaye shi a kan mayar da motar mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ke ƙarfafawa tun 2023. Ba sa yin wannan aiki, kuma bai hana ni ba, tambaya biyu kawai ya yi: a ina zan cika tulun idan ina Bagudo, kuma a ina zan ajiye shi tunda wurin da zai zauna nan ne katifata take. Ya ja kunnena cewa gas ɗin ana matsa shi ne har kusan bar 200 a ma'aunin matsi, don haka ba aikin da mai walda zai yi da tukunyar girki ba ne. Ga motar da ke zirga-zirga tsakanin manyan birane lissafin na iya fita, ga mai yawon fadama kuwa ban ga ta inda zai fita ba tukuna.

Abu na ƙarshe da ya yi shi ne ya zauna a gefena muka je Kalgo muka dawo, yana kallon ƙafata. Gyaran da ya yi mini kaɗan ne: in daina daɗewa a giya ta uku, in saki totur tun daga nesa idan na hango shingen bincike ko tudun rage gudu maimakon in iso da ƙarfi in danne birki, in kuma tsaya a wajen kilomita 80 a awa, domin daga nan ne shan mai ke fara hauhawa da sauri. Bai yarda da sakin mota a firi a gangare ba, saboda mota mai injekta tana yanke mai da kanta idan tana cikin giya an ɗaga ƙafa, a firi kuwa sai ta ci gaba da shan na silo, ga birki kaɗai aka bari da nauyin motar.

Da na sake awon a famfon farko da zagayen farko, bambancin ya fito ba tare da an yi masa kwalliya ba. Tankin da a da yake sa ni neman 'yan bumburutu kafin in rufe zagayen Argungu da Augie yanzu yana dawo da ni Birnin Kebbi da saura. Gwargwadon abin da takardata ta nuna, kaso mafi girma ya fito ne daga daina silo, sai tamostat da sensa, sai kayan da aka sauke, taya kuwa nata ɗan kaɗan ne. Kuɗin gyaran inji ya dawo cikin 'yan makonni, na sola kuwa ya fi nauyi, zai ɗauki mafi yawan rani guda, kuma wanda ba ya kwana a motarsa ba shi da dalilin kashe shi.

Wanda zai kai musu mota ya je da awonsa a rubuce don ya tsallake jinkirin farko, ya nemi a rubuta masa farashi kafin a taɓa ƙusa, ya sayi batir da faranti da kansa a inda za a ba shi takardar garanti, ya kuma tsaya a kan yaran ranar haɗa waya har ya ga fis da idonsa. Masu tsohuwar Hiace mai kafireto ba za su amfana da kwamfutar ba, amma Maigidan da kansa yake zama a kan irin waɗannan, kuma ya fi samun sukuni da sassafe kafin motocin haya su cika harabar.